Sabon shiga a nutso da tukunyar iska: zai iya shiga teku shi kaɗai?

Dan_Alkahira23:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma don Allah ban da masu cewa "me ya kai Bahaushe teku", wannan na sha jin sa a gida. Ina karatu a Alƙahira. Hutun da ya wuce muka je Dahab, wani gari a bakin Bahar Maliya a nan Masar, ni da wani ɗan ajinmu, muka yi kwas ɗin nutso na farko na PADI, wata ƙungiyar horar da masu nutso, aka ba mu kati. Nutso 4 na kwas, muka ƙara 5, yanzu ina da 9. Abokin nawa ya gama karatu ya koma gida. Wannan makon na dawo Dahab ni kaɗai, na je wani shago karɓar hayar kaya da tukunyar iska, da niyyar in shiga ta bakin gaɓa a wurin da ake kira Lighthouse, mita 8 zuwa 10 kawai, in yi rabin awa in fito. Mai shagon ya buɗe littafin nutsona, ya ga 9, ya rufe ya miƙo min. Wai ko in biya jagora ko in jira a haɗa ni da rukuni. Katina ya ba ni har mita 18, iyo kuma tun ina yaro nake yin sa a kogin Wudil, wurin nan na shige shi sau 3. Da gaske akwai haɗari ne, ko dai salon cin kuɗin baƙo ne?

UmmuHanan_Jidda:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, sake duba sharaɗin katin nan da kyau. Mita 18 ɗin da aka ba ka, kai da abokin nutso aka ba, ba kai kaɗai ba. Duk abin da aka koya maka a kwas ɗin kan mutum biyu aka gina shi. Wa zai duba maka kaya kafin ka shiga? In iska ta yanke, bakin regiletar wa za ka kama, wato na'urar da ake shaƙar iskar tukunya ta cikinta? Mai shagon nan bai cuce ka ba.

Dan_Alkahira23:
Yaya, na gane. Amma a mita 8 in iska ta yanke ai sama zan yi kawai. An koya mana haurowar gaggawa, na yi ta a gaban malami.

UmmuHanan_Jidda:
Ka yi ta sau ɗaya, malami na riƙe da kai, kuma ka san za a yi. Wanda ya san za a mare shi da wanda mari ya zo wa ba zato ba ɗaya ba ne.

Basarke_Yauri:
Ni dai dariya kuke ba ni. Mu nan iyayenmu sun yi shekaru suna nutso a Kwara ba tukunya ba gilashi, su kaɗai, su cire taru in ya maƙale a ƙasan ruwa su fito lafiya. Je ka Argungu ranar gasa ka ga abin da masunta ke yi a Matan Fada. Yaro ya iya ruwa, ga iska a bayansa kuma, me ya rage? Turawa ne dai da son tsoratarwa.

Injiniya_Fatakwal:
Basarke, Allah ya ja da ran sarkawa, babu mai raina gwanintarku. Amma wannan tukunyar da kake gani kamar ƙari ce, ita ce ta sauya lissafin gaba ɗaya. Basarke iskar sama ya shaƙa ya riƙe ya nutsa. A ƙasa ruwa ya matse ta, in ya hauro ta dawo daidai yadda take. Mai tukunya kuwa a ƙasa yake shaƙa, iskar da regileta ke ba shi daidai take da matsin wurin da yake. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi kwatankwacin na sararin sama ɗaya. Wato a mita 10 matsin ya ninka na sama sau 2. In ya cika huhunsa a can ya toshe numfashi ya yo sama, kafin ya iso iskar ta ninka girmanta sau 2 a ƙirjinsa. Huhu ba balan-balan ba ne, yagewa yake, kumfar iska ta shiga jini ta wuce ƙwaƙwalwa.

Kai kuma ɗalibi, nan ne kuskurenka yake. Kana ganin mita 8 wasa ce. Daga mita 30 zuwa 20 iska ba ta kumbura kamar yadda take yi daga mita 10 zuwa sama. Mita goman ƙarshen nan su ne suka fi kowane wuri saurin sauyi. Kuma abin da jikin ɗan kogi ya saba tun yarinta, in ruwa ya shiga hanci, shi ne ya riƙe numfashi ya yi sama da ƙarfi. Iyon Wudil ɗin da kake tinƙaho da shi, a nan shi ne zai iya cin amanarka.

Basarke_Yauri:
To, wannan ban san shi ba. Allah ya ƙara ilimi. Amma dai maganar shi kaɗai ɗin ban janye ba tukuna. Abokin zai hana huhun kumbura ne?

Injiniya_Fatakwal:
Zai iya damƙe shi ya rage masa gudu, ya kalle shi ido cikin ido ya yi masa alamar ya fitar da iska. In kuma abin ya riga ya faru, shi ne zai hura masa rigar iska a saman ruwa, ya kwance masa dalmar da ake ɗaurawa don ƙara nauyi, ya ja shi gaɓa ya yi ihu. Wanda ya suma a saman ruwa da dalma a ƙugu ba mai riƙe shi, komawa ƙasa zai yi.

MaiKyamara:
Bari in ɓata muku lissafi kaɗan. Ina da nutso sama da 300, galibi a Maleshiya, kuma gaskiyar da ba a son faɗa ita ce yawancin abin da ake kira "aboki" suna ne kawai. A jirgin ruwa ake nuna maka wani da ba ka taɓa gani ba, a ce ga abokinka. Kuna shiga ya bi kunkuru, kai ka tsaya kan murjani, tsakaninku mita 15. In iskarka ta yanke bayan ka fitar da numfashi, mita 15 ɗin nan tafiyar Makka ce. Na taɓa samun wanda ya ƙarar da iskarsa bai duba gejin da ke nuna sauran iska ba, ya zo ta bayana ya fizge regiletar da ke bakina, bai ko nemi ta ajiya mai launin ɗorawa ba. A ranar da ni kaɗai nake da na fi zaman lafiya. Kuma ku tambayi kanku, malamin da ya shiga da ɗalibai 4 da ba su san komai ba, wa ke tsaron sa? Ai shi kaɗai yake.

Dan_Alkahira23:
Yawwa! Abin da nake nufi ke nan. Jiya na ga rukunin da za a haɗa ni da su, wata ko haɗa kayanta ba ta iya ba.

MaiKyamara:
A'a, dakata malam, kada ka ɗauki maganata ka yi guzuri da ita. Na ce 300, kai 9. Nutson mutum ɗaya kwas ne mai zaman kansa. SDI, wata ƙungiyar horarwa irin PADI, ita ce ta fara bayar da katinsa a 1999, kuma sai kana da nutso 100 a rubuce da shekara 21 kafin su karɓe ka. PADI ma tana da nata na dogaro da kai, shi ma sai nutso 100 da katin mataki na biyu. In zan shiga ni kaɗai, ina ɗaure da ƙaramar tukunya ta biyu mai regiletarta daban, gilashin fuska na ajiya a aljihu, abin yanka guda 2 a wurare daban-daban, da balan-balan ɗin alama da nake aikawa sama. Iskata kashi 3 nake raba ta: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba na taɓawa. Akwai kuma wanda ke bakin gaɓa da ya san ƙarfe nawa zan fito. Cikin waɗannan wanne ka tanada?

Dan_Alkahira23:
Gaskiya babu ko ɗaya. Kayan haya ne.

Hajiya_Zabi:
Ni duk ba na gane abin da kuke faɗa, amma ina da ɗa sa'anka a Sudan, kuma na san abin da uwa ke ji. An tura ka karatu, ɗana. Mahaifiyarka ta san kana shiga ƙarƙashin teku kuwa?

Dan_Alkahira23:
Hajiya, ta san ina zuwa bakin teku dai.

Bakatsine_KL:
"Bakin teku dai." Allah ya shirye mu baki ɗaya, ni ma haka na gaya wa tawa.

Amma bari in ba da nawa labarin, don ni a nutso na 12 abin ya same ni, kuma a mita 9, ruwa garau, a tsibirin Tioman. Zaren kamun kifi ne, irin farin nan da ba a gani, ya naɗe kan bawul ɗin tukunyata ta bayan wuya. Ina tafiya na ji an ja ni baya. Na juya in ga mene ne, juyin ya ƙara naɗe shi. Ba na ganin sa, hannuna ba ya kai wa. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda numfashina ya sauya cikin daƙiƙa kaɗan, ina ja ina ja kamar iskar ba ta isa ta, alhali geji na nuna fiye da rabi. Tunanin da ya zo min shi ne in tofar da regileta in cire komai in yi sama. Wallahi tunanin ya zo, kuma a lokacin ya yi min kama da hankali. Abokin nutsona wata baiwar Allah ce 'yar ƙasar Sin da ko sunanta ban riƙe ba, ita ma sabuwa. Ta zo ta ɗaga min tafin hannu alamar in tsaya, ta zagaya bayana, da yatsu biyu ta zare shi. Ko wuƙa ba ta ciro ba. Don haka @MaiKyamara, ko abokin da aka nuna maka a jirgi ma yana da ido biyu a inda kai ba ka da su.

MaiKyamara:
Ban musa ba. Ta kasance kusa, shi ya sa. Wannan ce muhawarar ai: aboki na kusa mai lura, ko aboki na suna.

Malam_Na_Zaure:
Ni ban san nutso ba, amma ɗalibin Alƙahira ya fi ni sanin ayar Baƙara ta 195 da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Kuma ko tafiyar dare a doron ƙasa an hana mutum yin ta shi kaɗai, balle wurin da ko ihu ba ya fita. Kada wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Dan_Damagaram:
Tambaya daga gefe: kifayen nan masu cin mutane fa? Ni su ne tsorona, ba iska ba.

DanBurSudan:
Ɗan'uwa, mu da muka tashi a bakin Bahar Maliya mun fi tsoron ruwa mai jan mutum da farfelar jirgi a kan kifi. Masu nutso daga Turai kuɗi suke biya su zo ruwanmu takanas don su ga irin kifin da kake tsoro, a Sanganeb da Sha'ab Rumi. A Sha'ab Rumi ɗin ne Cousteau, Bafaranshen da shi da injiniya Gagnan suka ƙera regiletar zamani a 1943, ya kafa gidajen ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka zauna wata guda a ciki. Burbushinsu na nan har yanzu. Ga kuma Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da gangan a 1940 dab da tasharmu ta Bur Sudan, da bama-bamansa a ciki. Saman jirgin bai da zurfi, sabon shiga ma yana iya ganin sa. Amma ka ga mutum ya leƙa ƙofa, ya ce bari in ɗan shiga, ƙafarsa ta tayar da laka, hanyar fita ta ɓace. Irin wannan "bari in ɗan" ɗin ne aboki ke hanawa.

UmmuHanan_Jidda:
"Bari in ɗan" ɗin nan ita ce ta sa nake jin tsoron Dahab musamman. Ƙanena, kana 'yan kilomitoci kaɗan daga Blue Hole, wani rami mai zurfi a cikin teku. Ramin ya wuce mita 100, kuma a wajen mita 55 akwai wata ƙofa da ke ɓullewa teku, wadda ta yaudari mutane da yawa. Ka je ka ga allunan sunayen mamata da aka manna a jikin dutsen wurin. Yuri Lipski da ya mutu a can a shekarar 2000 malamin nutso ne, yana da shekara 22, shi kaɗai ya sauka da tukunyar iska guda, kyamarar da ke kansa ta ɗauki komai har ƙasa. Daga wajen mita 30 iskar naitirojin ke fara bugar da mutum kamar wanda ya sha wani abu, kuma mai maye ba ya sanin ya bugu. Na kusa da shi ne ke ganin ya fara shirme.

Dan_Alkahira23:
Yaya, ni fa ban ce zan je can ba. Mita 8 na ce, a Lighthouse.

UmmuHanan_Jidda:
Na ji. Amma gangare ne wurin, ba daɓe ba. Wanda bai gama iya daidaita kansa a ruwa ba, yana kallon kifi zai duba kwamfutar hannunsa ya ga 16. Faɗa min gaskiya, cikin nutso 9 ɗin nan sau nawa jagora ya buga tukunya ya yi maka alamar ka ɗan hauro?

Dan_Alkahira23:
Sau biyu. Ko uku.

Tsohon_Soja77:
Ni ina ganin kun cika wa yaron nan ciki da tsoro. A Tailan a 2018, lokacin ceton yaran nan 'yan ƙwallo a kogon Tham Luang, Saman Kunan tsohon sojan ruwa ne ƙwararre, kuma da abokinsa a tare lokacin da ya suma, abokin ya yi iya yinsa bai tashi ba. To ina amfanin abokin? In kwana ya ƙare ya ƙare.

Injiniya_Fatakwal:
Ranka ya daɗe, kogo ne fa mai tsawon kilomitoci, ruwa kamar kunu, babu sama da za a hauro. Ba a kwatanta shi da wannan. Kuma don bel ɗin mota bai ceci wani ba ai ba a daina ɗaurawa.

Tunda an kawo ƙwararru, bari in faɗi yadda ake yi a wajen aikin mai, don a nan nake cin abinci. Sau da yawa za ka ga mai nutso ɗaya ne a ruwa, sai ka ce shi kaɗai ne. Ina! Igiyar da ke kai masa iska daga sama take, da waya a ciki yana magana da shugaban aiki, da kyamara a hularsa, ga tukunyar ajiya a bayansa, ga kuma wani zaune a shirye cikin kaya ba abin da yake jira sai a ce masa sauka. Ku tuna Harrison Okene, mai dafa abincin jirgin Jascon-4 da ya kife a tekunmu a watan Mayun 2013. Kusan awa 60 ya yi a wani ɗan sararin iska a zurfin mita 30. Mai nutson da ya gano shi gawa ya je nema, sai hannu ya kamo shi. A bidiyon kana jin muryar na sama yana kwantar masa da hankali yana faɗa masa abin da zai yi daki-daki. Kuma ba su fito da Okene sama kai tsaye ba, don jikinsa ya sha naitirojin, da sun yi haka kumfa za ta tashi a jininsa. Sai da ya yi kwanaki a ɗakin matsin iska. Mutanen da nutso ne sana'arsu ke nan, ba sa yarda a bar ɗayansu ba mai kallo.

Tsohon_Soja77:
Wannan aikin kamfani ne, da inshora da lauyoyi. Yaro yawon shaƙatawa zai yi.

Bakatsine_KL:
Baba, ruwan bai san wanda ya zo aiki da wanda ya zo shaƙatawa ba.

Likitar_Yara:
Ƙarin abu ɗaya da ba a ambata ba. Ba kayan aiki kaɗai ke ba da matsala ba, jiki ma yana yi. Kunne ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi yayin haurowa, sai jiri ya kwashe ka, ka rasa ina ne sama. Jijiyar ƙafa ta ɗaure. Ko iskar da aka cika tukunyar ta gauraya da hayaƙin injin, ka fara ciwon kai ka suma ba gargaɗi. Duk waɗannan a mita 8 ma suna faruwa. Kuma tunda ɗalibi ne mai yawan tafiya: bayan nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama, in an yi da yawa awa 18. Hanyar mota da ke hawa tsaunukan Sina'i ma a yi hattara da ita, kada ka fito ruwa ka wuce Dutsen Musa a ranar.

Dan_Damagaram:
To wai nawa ake biyan kwas ɗin ne? Kuna ta sa ni sha'awa.

MaiKyamara:
Ya danganta da ƙasa da lokaci, buɗe wani zaren daban mu yi maganar. @Dan_Alkahira23, komawa kan taka: ni da nake kare nutson mutum ɗaya, da ni ne mai shagon nan ni ma ba zan ba ka ba. Amma ban yarda da masu cewa ka bi kowane rukuni ka kwantar da hankalinka ba. Matar da ka ce ba ta iya haɗa kaya ba, in aka haɗa ku, ka san cewa kai ne mai tsaron ta, jagora ne naka. Ka manne kusa da shi. Kafin ku shiga ku yi magana a kan alamomi, in geji ya nuna "bar" nawa (ma'aunin matsin iskar tukunya) za ku juya, a "bar" 50 kuna sama, in kun rabu a nemi juna minti 1 sannan kowa ya hauro. Kuma ka riƙa nutso kamar ba mai ceton ka, ko da mutum 10 ne kewaye da kai.

UmmuHanan_Jidda:
A nan mun haɗu. Inda muka rabu shi ne ni ko bayan 100 ɗin ba na so. Ina da fiye da haka, ban taɓa shiga ni kaɗai ba, ba kuma zan fara ba.

MaiKyamara:
Hajiya, ba ki ɗaukar hoto ne. Ki yi minti 20 kan ɗan kifi ɗaya kina jiran ya juyo, ki ga ko akwai abokin da zai tsaya miki.

UmmuHanan_Jidda:
Maigidana yana tsayawa.

Bakatsine_KL:
To ai shi ba shi da zaɓi.

Basarke_Yauri:
Na koma na tambayi baffana, wanda ya fi shekara 40 a ruwa. Ya ce ko su in za a cire taru a wuri mai zurfi, ɗaya ke sauka, ɗaya na cikin kwalekwale yana riƙe da igiya yana ƙirga. Ya ce wanda ya tafi shi kaɗai ba gwani ba ne, mara ɗan'uwa ne. Don haka rabin maganata na janye. Rabin kuma ina nan a kai: tsoro ma yana kashe mutum a ruwa, kada ku mayar da yaron matsoraci.

Dan_Alkahira23:
Na gode duka. Na koma shagon da yamma. Akwai wani Bajamushe mai nutso 60 da ke neman aboki gobe da safe, mai shagon ya ce zai haɗa mu amma da jagora a nutson farko ya ga yadda nake. Kuɗin jagoran dai har yanzu yana min ciwo. @MaiKyamara, ƙaramar tukunyar nan ta biyu, ana samun hayarta ne ko sai mutum ya saya? Kuma lita nawa ce taka?

Hajiya_Zabi:
Ka kira mahaifiyarka tukuna.